Mai Gadin da Ya San Tarihin Rum

A shekarun da nake buga tafireta a wani ofishin jiragen ruwa kusa da tashar Jidda, muna da mai gadi, wani dattijo siriri da ya zo Hajji daga Nijeriya bai koma ba. Mu Hausawan unguwar Hindawiyya, haifaffun nan Jidda, ba ma ɗaukar irinsu a bakin komai. Shayi nake aikensa, ko sannu babu.

Wata rana bayan azahar ina karanta wata fassarar Larabci kan yadda jamhuriyar Rum ta dā ta rushe. Ya ajiye mini kofin shayi, ya karkata kai ya dubi bangon littafin.

"Ɗana, wannan marubucin, sojoji yake so. Kada ka fara da shi."

Na ɗauka kunnena ne. Ya zari alƙalami a kan teburina, ya juya wata takardar kaya, ya rubuta sunayen littattafai uku da boko, rubutu tsaf, ya fi na manajanmu kyau.

"Fara da na rikicin gonaki, ka ga yadda aka kashe wa da ƙane don sun ce a raba wa talaka ƙasa. Sai wasiƙun wani lauyansu mai baki. Na yaƙi bar shi ƙarshe, kafin nan an riga an gama ɓarnar."

Na saki baki. "Baba, a ina ka san wannan?"

"Yalla, maza sha, shayinka zai huce."

Wata biyu ina bin shagunan tsohon gari kafin na sami biyu. Na ukun wani malami Bamisire ya ara mini. Da na kai inda ake kafe sunayen mutane a kasuwa, duk wanda ya kawo kan ɗayansu a ba shi lada, sai da na rufe littafin. Na same shi a kan bencinsa, na ce wallahi ban yarda masu majalisa da kotu sun aikata haka ba.

"Mu ma muna da majalisa," ya ce. "Shekara shida ina zama a cikinta. Ranar da sojoji suka watsa ta, direbana ne ya nuna musu gidana."

Na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa nan bakin ƙofa, lebura na wucewa suna kallona.

"Halas, ya isa haka, tashi. Kada ka faɗa wa kowa."

Ban faɗa ba. Daga baya ɗansa ya zo daga Nijeriya ɗaukarsa, ya ƙi binsa. A unguwar Nuzla ya rasu, mu bakwai muka raka gawarsa.