Hao Mantun Ya Tafi Ya Bar Sarkin Long a Waje

Ranar sha ɗaya ga wata na shida, da hantsi, Hao Mantun, mai kula da ɗakin bautar Sarkin Long na ƙauyenmu, ya rasu yana da shekara tamanin da uku. A zaune aka same shi, kwanon kunun gero a cinya, ko ɗigo bai zube ba.

Yaya Mantun, ba mutuwarka kaɗai muke kuka ba, kuma ka san dalili.

Kai ka koya mana tun muna yara cewa Sarkin Long, dodon ruwa mai ƙahon barewa da ke saukar da ruwan sama, ba mugu ba ne, amma ba ya mantuwa. Shekarar da matata ta kwanta ciwo, kai ka nome mini gona, da na zo godiya ka ce ciyawata ce ke damun taka. Malaman jami'a da ke zuwa kwafar rubutun duwatsun ɗakin, ba wanda ka bari ya koma da yunwa. Ka ba su littafin kakanka suka ɗauki hotonsa shafi-shafi, kana yi musu dariya: "Kuna nemansa a takarda, shi kuwa yana ƙasan rijiya yana jin ku."

Bana da fari ya yi wata biyu, ka yi abin da mahaifinka ya taɓa yi sau ɗaya. Ka fito da gunkin Sarkin, ka ajiye shi a masussuka cikin rana, ya ɗanɗana abin da gero ke ɗanɗanawa. Na ce, "Yaya, wannan wasan ba na tsofaffi ba ne." Ka ce, "Matsoraci, fitarwa kowa ya iya. Mayarwar ce aiki, ni kuwa na san kalmomin ban haƙuri."

Kwana uku bayan haka ka mutu. Washegari ruwa ya sauko. Yau kwanansa tara bai ɗauke ba, Sarki yana nan a masussuka, fentin fuskarsa na zuba. Tudun da muka haƙa gidajenmu a cikinsa ya tsage ta sama, tsagar da hannu ke shiga.

Mun buga wa Malama Qiao ta jami'a waya, wadda ta yi kwana uku tana naɗar muryarka. Ta ce ta bincika duka. Daidai wurin ban haƙurin ka sa ta kashe na'urar, ka ce wannan ba na kunnen ƙarfe ba ne. A littafin ma babu. Ɗanka Jinsuo ya ce mini, "Baffa, katako ne fa, rediyo ta ce iskar teku ce ta kawo ruwan." Na ce to ya je ya ɗauko katakon. Ya ce bayansa na ciwo.

Gobe da safe ni da tsofaffi uku za mu ɗauke Sarkin mu mayar da shi ɗakinsa. Ba ni da kalmominka. Zan faɗa masa abin da ake faɗa wa maƙwabcin da aka ci wa mutunci.

Ubangijin Sama ya sauƙaƙa maka hanya, ya yafe maka kurakuranka, har da wannan. Ga matarka Bai Cuilian, da Jinsuo, da jikoki, ina yi muku ta'aziyya, Sama ta ba ku haƙuri. Mun ƙona maka turare da rigunan takarda, don ka samu na sawa a can. Kai ka fi mu kusa da Sarkin Long yanzu, Yaya. In kun haɗu, ka fara magana kafin mu iso.