Kiran da Kalangu Bai Amsa Ba

In ka shiga kasuwar Bukkuyum ta wajen mahauta, za ka ga wani dattijo baƙi, siriri, zaune a kan buzu yana ɗinkin takalma. Shi ne Makau. Yaran yanzu baduku suka ɗauke shi. Su kawo masa silifas ya tsinke, su tsaya masa a ka suna danne-dannen waya, ba su san hannun da ke riƙe da basillar nan ya taɓa hana mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum zaman gida ba. Kai, yaran yanzu! To Makau makaɗi ne ɗan makaɗi. Kalangu ya gada wurin ubansa, kuma a wannan layin na mahauta ya fara rataya shi tun bai kai teburin nama tsawo ba.

A nan kuma ya haɗu da Hamza. Hamza Bafillace ne, rugarsu na bayan gari. Wata ranar kasuwa ya kawo bijimi sayarwa, ciniki ya ƙi faɗawa, sai ya koma gindin tsamiya ya ciro sarewarsa yana busa don ya huce. Makau na can yana yi wa mahauta kiɗa ya jiyo shi. Don neman magana kawai ya matse kalangu ya maimaita abin da sarewar ta faɗa. Hamza ya ɗaga kai, ya sauya busa. Makau ya bi shi. Ya sake karkacewa, Makau ya tare shi a gaba. Wallahi ranar mahauta sun bar wa ƙuda nama, masu hatsi sun bar mudu a cikin buhu, kowa ya zagaye tsamiya. Bijimin dai bai sayu ba, Hamza ya ja abinsa ya koma ruga yana dariya.

Daga baya Badaru ya shigo cikinsu, wani mutumin Anka mai kukuma, ga murya ga tsokana. Tsofaffin makaɗa suka ce wannan ai ɓata sana'a ne: kalangu na mahauta, sarewa ta makiyaya, kukuma ta 'yan duniya, ina aka taɓa zuba su a ƙwarya ɗaya? Haɗin gambiza ke nan. Su kuwa suka karɓi zagin suka mai da shi suna. 'Yan Gambiza, haka aka san su har bakin iyakar Kabi.

Ba bikin da ba su je ba, ba kalankuwar da ba su raya ba. Da haƙar zinari ta buɗe a wajen Abare da Sunke, suka riƙa bin sansanin mahaƙa. A can akwai baƙi daga ko'ina, Zabarmawa, Nufawa, Dakarkari, kowa da kewar gida. Mutum ya matso da ƙurar dutse a gira, ya rera musu waƙar garinsu da muryarsa mara daɗi. Hamza ya karkata kunne, ya ɗauke ta da sarewa. Makau ya sa mata ƙafa. Badaru ya cusa mata Hausa, har da sunan mutumin da na tsohuwarsa. Sai ka ga ƙato ya juya baya yana share ido da gefen riga.

Abin da ya sa ake binsu gari gari shi ne ba su taɓa yin kiɗa ɗaya sau biyu ba. Samari sun sha ɗaukarsu a waya, amma wanda ya ji su a waya bai ji su ba, labari ya ji. Hamza ƙafar masu rawa yake kallo, in ya ga wata tsohuwa ta fara gajiya ya sassauta mata, in ya ga saurayi na cika baki ya ja shi har sai ya faɗi. Makau kuwa numfashin Hamza yake saurare. Ya san inda zai shaƙi iska tun kafin ya shaƙa.

Suna da wata al'ada da suke kira sallama. Ba sa shiga gari a mota. Nesa kaɗan da gari sukan sauka, Hamza ya wuce gaba shi kaɗai yana busa, sauran su tsaya. Sai sarewa ta gama kiranta tsaf, sannan kalangu ya amsa daga baya. Makaɗin da ya katse wa sarewa magana ba shi da ladabi, haka Makau yake cewa. Sarewa kaɗai ba ta gaya wa gari komai, don kowane makiyayi na iya busa. Amma da zarar kalangu ya amsa, an san 'Yan Gambiza ne. Mata su saki guɗa, yara su kwasa a guje su tarye su.

Sannan ƙasa ta lalace. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane. Hanyoyi suka zama abin tsoro, kalankuwa ta mutu, biki ya koma ɗaurin aure da safe kowa ya watse. Rugar su Hamza ma ba ta tsira ba, ɓarayin daji sun kore musu garke har suka taso suka raɓu da gefen gari da 'yan shanun da suka rage. Duk da haka in Hamza ya ratsa kasuwa sai hira ta tsaya. Mutanen da suka yi rawa da busarsa su ne ke binsa da ido. Abin nan ya ci wa Makau rai ƙwarai.

'Yar gayyatar da ake yi musu jefi-jefi sai ta zo da sharaɗi: ku zo, amma ban da mai sarewa. Makau ya ce inda ba a son Hamza, kalangunsa ma ba ya zuwa. Matarsa Sahura ta yi magana har ta gaji, ga yara ga tukunya ba wuta. Shi ya sa ya koyi dukanci wurin wani maƙwabcinsa, ya rataye kalangu a ƙusa. Shekaru suka shuɗe a haka. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga Hamza ya sake tsayawa a tsakiyar fili, jama'a su tuna wane ne shi.

Ana nan sai ga waya daga Alhaji Maikuɗi, wani tsohon masoyinsu a wani ƙauye can bayan Gummi. Zai aurar da ɗansa.

"Makau, na gaji da bikin makoki," in ji Alhaji. "Ku taho ku duka ukku, yadda kunka saba. Har Hamza. Musamman ma Hamza."

Makau bai ko naɗe buzunsa ba ya nufi rugar. Ya tarar da Hamza ya rame, furfura ta fito masa. Hamza ya ce rabonsa da sarewa har ya manta, ba ya jin yatsunsa za su yarda. Amma idonsa ya nuna yana so. Mahaifiyarsa Inno ce ta ƙi. Tana zaune tana wanke ƙorai, ba ta ko ɗago ba.

"Makau, bar mini ɗan'uwanka. Shanu sun tahi, shi kaɗai ya rage."

Makau ya durƙusa. Ya ce Alhaji da kansa ya kira, ya ce ƙauyen nan sun san Hamza tun yana saurayi, ya ce in mutane suka ji busar nan sau ɗaya zukata za su yi sanyi. Ya yi ta magiya har rana ta karkata. Can Inno ta kife ƙwaryar da ke hannunta.

"To, amana na ba ka. Da ƙafarshi ka ɗauke shi, da ƙafarshi ka maido mini shi."

"Na ɗauka, Inno. In Allah ya so jibi warhaka yana gabanki."

Lokacin kaka ne, dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya. Bayan la'asar motar da suka ɗauka ta kawo su inda suka saba sauka, ana hango rufin ƙauyen. Badaru ya ce wa direba ya wuce kawai.

"Zamani ya canza, Makau. Mu shiga da mota, ma yi sallamar a ƙofar Alhaji."

Hamza kuwa Makau yake kallo.

"Mu shiga gari shiru kamar ɓarayi?" in ji Makau. "Mi munka sata? Hamza, sauka ka yi abin da ka saba."

Abin da ba su sani ba shi ne, Alhaji ya gaya wa dattawa zuwansu, amma ba wanda ya tuna ya gaya wa samarin da ke gadin bakin gari da bindigogin toka. Su kuwa samarin nan suna goye a bayan iyayensu aka daina kiɗa a ƙauyen. Ba su san sallama ba, ba su san 'Yan Gambiza ba. Abin da suka sani shi ne an sha kawo musu hari ta cikin gonakin nan.

Hamza ya gyara malfarsa, ya bi siririyar hanyar da ta ratsa dawa. Da farko busar ta fito da rawar murya, kamar ta mai koyo. Sai ta miƙe. Jama'a, ta miƙe! Ta yi sama, ta sauko, ta zagaya, duk abin da ya taru a ƙirjin mutumin nan shekara da shekaru ya biyo ta. Makau na tsaye da kalangu a hammata, sandar kiɗa a sama, tsikar jikinsa ta tashi. Kiran ya ƙare. Nan ne ya kamata ya amsa. Bai amsa ba.

Da Hamza ya ji shiru sai ya sake ɗaukowa daga farko, ya ƙara mata tsawo, yana ta matsawa kusa da gari.

"Amsa mishi mana," in ji Badaru.

"Bari shi ƙara ɗaya," in ji Makau, hawaye na bin fuskarsa. "Don Allah bari shi ƙara ɗaya."

Samarin da ke bakin gari kuwa Bafillace suka gani shi kaɗai yana fitowa daga cikin dawa yana busa, suka ɗauka kiran 'yan'uwansa yake yi. Daga cikin gari wata tsohuwa da ta gane busar ta rangaɗa guɗa. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba bindiga ta tashi.

Makau ya ruga yana dukan kalangu yana gudu, yana duka yana ihu, amsar da ya kamata ya bayar tun ɗazu. Ya tarar da Hamza kwance a kan hanya, riga ta jiƙe. Dattawa sun fito suna salati, Alhaji Maikuɗi ya ɗora hannu a ka, saurayin da ya yi harbin ya yar da bindigar yana tambayar wane ne, wane ne. Aka sa Hamza a mota, kansa a cinyar Makau, aka nufi asibitin Gummi. Ba su kai ba ya cika. A Gummi aka yi masa sutura.

Badaru ya ce zai raka shi rugar, Makau ya ce a'a, shi aka ba amana. Da hantsi ya isa. Inno na zaune a ƙofar bukka. Labari ya riga shi zuwa, ya gani a fuskokin matan da ke kewaye da ita. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya zube a gabanta. Ya sunkuyar da kai. Ya so ta zage shi, ya so ta ɗauki muciya ta rotsa masa kai, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa kallonsa kawai take yi da busassun idanu.

"Ya bar wata magana?" ta tambaya.

Makau ya ɗago. Ya ce a cikin mota Hamza ya buɗe ido ya ce masa, Makau, mi ya hana ka amsa? Shi kuma ya gaya masa gaskiya, ya ce wallahi daɗin busar ne ya ɗauke ni, na kasa katse ka. Sai Hamza ya yi murmushi ya ce, ashe dai ban manta ba. Daga nan ya yi kalmar shahada.

Inno ta gyara zama.

"Shi ke nan? Bai ambace ni ba?"

Matan da ke wurin suka zuba masa ido, wata har tana gyaɗa masa kai alamar ya ce eh. Ƙarya ɗaya ce, ƙarama, kuma da ba wanda zai taɓa sani. Amma ya riga ya ci amanar tsohuwar nan sau ɗaya, ya kasa ƙarawa.

"Bai ambace ki ba, Inno."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Haka yake tun yana yaro," ta ce. "In yana busa, ko na kira shi ba ya ji."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga bukka ta saki asabari. Makau na durƙushe a wurin ya jiyo ta tana kiran sunan Hamza.