Sun Sare Malam Sada a Cikin Alayyahonsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina daf da fita ofis aka kira ni: Malam Sada ya cika a asibiti.

Ba ciwo ba ne. Sara ne. Kuma rabin layinmu na Ƙofar Sauri sun ga waɗanda suka yi, amma har yanzu kowa cewa yake bai gane fuska ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mana noma a firamare. Da ya yi ritaya sai ya mai da bayan gidansa lambu. Wata goma sha biyu ba ka raba wurin da kore. Da sanyi latas, karas da tumatir. Da bazara ya kafa rumfar zana, ya rufe fangali da ƙaiƙayi don kar ƙasa ta bushe. Da damina yakuwa da kuɓewa. Har fulawa ja da ɗorawa yake shukawa a tsofaffin buhunan siminti, muna tsokanarsa ko miya za a yi da ita.

Ko alwala a kan na'ana'a yake yi, wai ruwan kar ya tafi a banza.

Ƙofar lambun kuwa ba ta da sakata. Duk matar da miyarta ta gaza sai ta shiga. Dokarsa ɗaya ce: "A tsinka, kar a tuge."

Jiya bayan la'asar ƙauraye, 'yan daban unguwa, suka koro wani mutum. Ya ga ƙofa a buɗe, ya faɗa ciki, ya laɓe bayan zogale. Su huɗu suka bi shi da adduna, suna tattake shuka. Malam na ban ruwa. Dattijo mai furfura, ba komai a hannunsa sai bokiti, ya tsaya a gabansu ya ce ba za a kashe mutum a gidansa ba.

Suka sare shi a hannu. Ya ɗaga ɗayan, suka sare shi. Na uku a wuya.

Mutumin ya haura katanga ya tsira. Jinin Malam ya bi hanyar ruwan da ya haƙa da hannunsa, har cikin alayyaho. Ɗazu na gani da idona, ya daskare a kan ganye.

Ku da kuka leƙo ta katanga kuna kallo, miyar wa kuka sha shekara da shekaru? Kunya ba ta kama ku?

Ranar Juma'ar da ta wuce na je wurinsa ina ƙorafin tsutsa ta cinye mini tumatir. Ya yi dariya ya ce, "Kai Kabiru, tun kana aji huɗu kake da gaggawa. Barbaɗa tokar murhu, ka ba shi kwana ukku." Ya cusa mini irin ɗaɗɗoya a aljihu, ƙulle a takarda.

Bayan jana'iza na shiga yi wa matarsa, Inna Rabi, gaisuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta jira mata suka rage, ta ce, "Kabiru, ni na ga wanda ya yi saran ƙarshe. Ɗan yayarka ne. Ban faɗa ma kowa ba, don uwarsa a hannuna ta girma. Mi za ka yi?"

Na tashi na fita.

Ɗan Yaya Hadiza ne, shi kaɗai gare ta. Ni na yanka ragon sunansa. Na zagi maƙwabta a saman rubutun nan, ga shi abin a cikin gidanmu yake. Ban goge zagin ba, don har da ni a ciki.

Na san inda yake ɓoye. In na ajiye wayar nan wurin 'yan sanda zan nufa, ni zan kai su. Yaya ta riga ta kira ni sau shida, ban ɗauka ba, don na san in na ji muryarta ba zan iya ba.

Allah Ka jiƙan Malam Sada, Ka karɓi shahadarsa, Ka ba shi inuwar Aljanna. Ka ba Inna Rabi haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da yayata, don yau ƙanenta ne zai miƙa ɗanta ga hukuma.