Gidan Tarihin Tica Gershon da Cittar Matarsa

Tica Gershon ya ajiye alli a shekarar 1988, bayan ya koyar da rabin mutanen Fadan Kagoma karatu, har da ni maƙwabcinsa. Sauran malamai in sun yi ritaya gona suke komawa, ko su nemi kujerar dattijo a coci. Shi kuwa gidan tarihi ya buɗe. Abin da ya tsone masa ido motocin baƙi ne da ke wucewa ta bakin garinmu zuwa Nok, su kalli gumakan yumɓun nan da aka tono, su juyo su nufi ruwan Matsirga su ɗauki hoto, babu mai tsayawa wajenmu ko ruwa ya sha. Tica ya ce wannan raini ne, mu ma muna da kakanni.

A bayan gidansa akwai wani zagayayyen ɗaki mai jinka, inda matarsa Hellen, wadda muke kira Maman Doreen, take ajiye busasshiyar citta. A wajenmu citta ce kuɗin makaranta, ita ce kayan Kirsimeti. Ya dinga roƙonta ɗakin har ta gaji ta ba shi, ta kwashe buhunanta zuwa ɗakin kwanansu. Tun daga ranar, ta katanga nake jin atishawarsu su biyu.

Ya bi gida-gida yana tattaro tsofaffin kaya: dutsen niƙa, garma, ƙahon busa, tulu, da wata ƙatuwar tukunya ta Mama Lucia, tsohuwar da babu girkin biki sai da ita. Kowane kaya ya jera shi a kan benci, ya yanka kwali ya rubuta sunansa da shekarunsa da kyakkyawan rubutun nan nasa na allo, ya ja layi da jan biro. Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Sai dai Tica, duk iliminsa, ya manta da halin garin da aka haife shi. Mu ba ma hana maƙwabci aro, kuma ba ma iya ganin kaya mai lafiya yana zaune a banza.

Mako bai cika ba Mama Lucia ta zo ɗaukar tukunyarta, za a yi wa jikanta baftisma.

"Mama, ta shiga tarihi yanzu," in ji Tica. "Kallonta ake yi."

"Tukunya na ne, Tica. In ya gama dafa kunu zai dawo ya ci gaba da tarihi."

Ta dawo da ita baƙa ƙirin. Bayanta sai Zamani, mai garmar, wanda tasa ta aiki ta karye ana tsakiyar huɗar doya. Ya ara ya yi nomansa, ya dawo da ita yana murmushi, ya cire mata tsohuwar ƙotar da ta ga zamanin kakansa ya sa mata sabuwa fil. Tsohuwar kuma matarsa ta hura wuta da ita. Ya tsaya yana jiran godiya, Tica kuwa ya nemi wuri ya zauna. 'Yan zumuntar mata na coci su ma suka gano tulun nan ya fi nasu amo in an buga, don haka duk Asabar yana wajen koyon waƙa, Lahadi yana sujada. Tulun ya fi wasu dattawanmu zuwa coci.

Haka aka yi shekaru, kaya na fita suna dawowa, Tica na bin su da ƙorafi. Masu kallo kuwa daga yaran firamare da ake koro masa sai akuyata, wadda ta ci masa kwalaye da dama.

A 1991 citta ta yi albarka har buhunan suka kai bakin gado. Maman Doreen ta kira ni shaida, ta tsaya a gabansa.

"Baban Doreen, na gaji da kwana da citta. In Kirsimeti ya zo babu baƙo da ya sa ƙafa a ɗakin nan, baƙo na gaske, ba yaran makaranta ba, kayana zai koma wurinsa."

Ya yarda, don ba shi da bakin musu. Washegari ya hau keke zuwa Kafanchan wajen abokinsa Ignatius, Inyamurin da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, yake kuma aiki a tashar jirgi. Ignatius ya yi masa alkawari duk wani farin mutum da ya sauka da jaka a baya, sai ya kawo masa shi.

Ya cika alkawari, amma ranar da ya zaɓa ita ce Asabar ta ƙarshe kafin Kirsimeti, ranar auren ɗan Zamani. Tun Alhamis aka soma zuwa aro, kafin safiyar Asabar babu abin da ya rage a ɗakin sai kwalaye a ƙasa, don har bencin an kai wa surukai. Da hantsi sai ga Fijo ta tsaya a ƙofar gidan, Ignatius ya fito da Bature da matarsa.

"Tica, ga kwastoma na kawo maka. Tun daga tasha nake ba su labari, na ce ma su ko Legas babu irin mizium naka."

Na ga gumi ya karyo wa Tica. Ya gaishe su da Turancinsa na aji, ya ce su ɗan dakata, ya danna wa ɗakin kwaɗo, ya zabga da gudu zuwa gidan biki yana riƙe da gilashinsa. Ni ma na bi shi, don irin wannan ba a ba ka labari. Ya iske tukunyar a kan murhu, faten acca na tafasa a ciki.

"Mama, baƙi sun zo. Ki taimake ni da tukunyar."

Mama Lucia ta ja da baya da muciya a hannu. "Ga shi nan. In za ka iya ɗauka, ɗauka."

Yana tsaye yana rarraba ido sai ga baƙin a bayansa, sun gaji da jira sun biyo ƙarar ƙaho. Mata ba su tambayi ko su wane ne ba. Aka zaunar da su a kan bencin gidan tarihi, aka cika musu kwano. Baturiyar aka ɗaura mata zani aka durƙusar da ita gaban dutsen niƙa, ta niƙa barkono har hawaye. Mijin ya roƙi ƙahon, ya busa, abin da ya fito ya kori kaji. Ya tambaya ko na mene ne, sai malamin da ke cikin Tica ya farka. Ya bi da su kaya bayan kaya yana bayani, wanda ya ƙera, wanda ya gada, yadda ake kiran mutane gayya da ƙahon. Na zauna ajinsa shekaru, ban taɓa jin ya koyar kamar ranar ba.

Da la'asar direba ya soma hon, za su kama jirgi. Muka rako su har ƙofar gidan Tica. Nan Baturen ya nuna ɗakin ya ce ko za su iya leƙa gidan tarihin kafin su wuce. Maman Doreen na tsaye da hannu a ƙugu, ni shaida ina gefe. Ƙafa ɗaya kawai mutumin zai sa ciki, ɗaki ya zama na Tica har abada. Ignatius ya zungure shi yana raɗa masa, "Buɗe mana, Tica." Tica ya sa hannu a aljihu, na ji ƙarar makullin. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya fito da hannunsa babu komai. Ya ce musu yau a rufe yake. Da motar ta tashi Ignatius ya ce masa ya yi wauta.

"Ba zan nuna wa baƙo ɗaki wayam in ce masa tarihin garinmu ke nan ba," in ji Tica.

Ranar Litinin babu wanda ya tuna masa da sharaɗin. Da kansa ya dinga ɗauko buhunan a kafaɗa yana kai su ɗakin, yana atishawa, duk wanda ya dawo da kayan aro sai ya ce masa ya kai gida. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsokanarsa, ni da ban taɓa raga masa ba. Maman Doreen ma ba ta yi murnar da na zata ba, sai ma ta shiga gyara masa jerin buhunan. Da suka gama ya yanka kwali, ya rubuta: Citta, ta Hellen, noman 1991. Ya ja layi da jan biro ya jingina a buhun gaba. Ta karanta, ta gyara masa zama, ta bar shi a wurin. A duk abin da ya taɓa shiga ɗakin nan, cittar nan kaɗai ce babu wanda ya yi ƙarfin halin zuwa aro.