Ranar da Muka Tarar da Ƙofar Gari a Rufe

A shekarar da aka haifi 'yata ta fari, dawa ta yi kyau a ƙauyenmu da ke kudu da Malumfashi. Muna ɗaurin dami a gona da hantsi, sai muka hango hayaƙi ya turnuƙe daga ƙauyen da ke arewa da mu. Baƙi ne mai kauri, irin na jinka. Kowa ya gane. Mahara ne, masu zuwa a kan dawakai da kaka, su kwashe hatsi, su kore shanu, su ɗaure mutane da igiya su tafi da su.

Ƙauyenmu ba shi da ganuwa, shingen ƙaya ne kawai. Na ɗora mahaifiyata a kan jaki, don ƙafarta ba ta kai ta nesa, matata ta goya jaririyar, muka bi sahun jama'a zuwa wani gari mai ganuwa da muke cin kasuwarsa. Yaro in ya fara kuka, sai uwarsa ta toshe masa baki da gefen zane.

Mun isa bayan azahar, muka tarar an rufe ƙofa. A kan ganuwa ga samari da baka da kwari, a tsakiyarsu wani dattijo mai furfura, shi ne sarkin ƙofa. Ya ce mu koma inda muka fito. Bara, in ji shi, sun buɗe wa masu gudun hijira, ashe akwai 'yan leƙen asirin mahara a cikinsu, kuma ɗan ƙanensa na cikin waɗanda aka tafi da su.

Maƙerin ƙauyenmu, mutum ne mai zafin rai, ya ɗaga murya yana cewa Allah ya isa, su ba Musulmi ba ne. Nan take na ga samarin sun ɗana kibau. Mata suka kwanta a kan 'ya'yansu. Dattawanmu suka janye maƙerin, suka turo ni gaba, don ina kawo auduga kasuwar garin, wataƙila wani ya shaida fuskata.

Na cire takalmi na durƙusa. Abin da ke bakina shi ne in yi kururuwa in ce ga su nan tafe, ku buɗe. Na haɗiye shi. Na ce, "Baba, barka da yini. Ina gajiya? Yaya iyali?"

Sarkin ƙofa ya leƙo ni daga sama. Can ya ce, "Lafiya lau." Na tambaye shi amfanin gona, na yi masa jajen ɗan ƙanensa. Ina gaisuwar nan kunnena na baya, ina sauraron sawun doki.

"Ba zan buɗe ba," in ji shi.

"Ban ce ka buɗe ba, Baba. Amana aka ba ka. Ruwa kawai nake roƙo, mata sun sha rana."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sa aka zuro gora da igiya. Muka sha, na yi godiya, na koma na zauna ban ƙara cewa komai ba. Wannan zaman ya fi komai yi mini wuya. Hayaƙi na biyu ya tashi, kusa da na farko amma ta wajenmu, na san ƙauyenmu ne. Wasu shanu suka wuce mu a guje ba makiyayi. Matata ta matso ta raɗa mini, "Ka yi magana mana, me kake jira?" Ni ma ban sani ba. Na dai lura duk lokacin da wani ya matsa wa dattijon, fuskarsa ƙara ɗaurewa take yi.

Maƙerin ya ce shi ba zai zauna a yanka shi kamar rago ba. Ya ɗauki iyalinsa da wasu gidaje suka nufi dajin yamma. Na so in bi su, wallahi na so.

Da inuwar ganuwa ta rufe mu, na sake tashi. "Baba, ga tsohuwa a kan jaki, ga masu goyo. Waɗannan ba sa leƙen asiri. Mu maza mun yarda mu kwana a waje."

"In na buɗe musu, ku turo kai."

"Za mu ja baya har bakin waccan kukar. Ka ga dai kibiya na kaiwa can."

Muka ja baya, muka zubar da sanduna da wuƙaƙe a fili inda zai gani. Aka zare sakata, aka buɗe ƙyaure daidai wucewar mutum ɗaya. Ina kallo matata ta shige, ta waiwayo sau ɗaya, aka mayar da ƙyaure.

Muka zauna a gindin kukar. Wani ya ce in je in ƙara roƙo, na ce a'a, mun yi alkawari, a bar shi ya ga mun cika. Ina ta karanta abin da na iya. Wajen la'asar sakaliya tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya daga fadama, sannan muka ji haniniya, nesa amma ba nesa sosai ba. Babu wanda ya motsa a cikinmu. Ban sani ba ko dauriya ce, ko tsoro ne ya kashe mana ƙafafu.

Sai muka ji muryar dattijon: "Kai mai auduga! Ku zo ɗaya bayan ɗaya, hannu a sama. Wanda ya yi gudu a harbe shi."

Haka muka tafi, a hankali. Ni ne na ƙarshe. Ina shiga aka danna ƙyaure, aka tokare shi da gungume. Ba a daɗe ba mahayan suka bayyana, suka kewaya ganuwar daga nesa, suka ga ba wurin shiga, suka juya yamma.

Mun yi kusan wata guda a garin, a zauren wani mai rini. Da muka koma gida, rumbuna sun zama toka, daminmu ko ɗaya ba su bari ba. Daga cikin waɗanda suka shiga daji, tsohuwa ɗaya ce ta dawo, ita ma ba ta iya faɗin abin da ya faru ba sai bayan damina ta faɗi. A shekarar nan da ganyen tafasa da ɗan abin da dangi suka aiko daga Bakori muka kai ga sabon hatsi.