Ozell, Mashigin Na Nan Inda Ka Ce

Lavinia 'yar ƙanwata ce take rubuta min wannan, don ni aji uku na yi aka cire ni zuwa gonar auduga. Na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara min baki. In kun ga kalma mai tsada, tata ce.

Ozell Broughton, ƙanen mijina marigayi, ya rasu ranar Talata tara ga Afrilu da hantsi, a kujerarsa ta baranda, da takalmin ruwa a ƙafarsa. Shekara tamanin da ɗaya. Zuciya ce ta tsaya. Bai wahalar da kowa ba, kuma wannan ne karo na farko.

Ozell, da kai nake. Ka yi gaggawa! Kwana uku kacal za ka daure, ka kasa.

Ba zan ce kai waliyyi ne ba, mutanen coci sun san ka. Ga taurin kai, ga surutu. Amma tun da yayanka Lucius ya mutu, shekara goma sha tara ke nan, ba Asabar ɗin da ba ka ajiye min tarwaɗa a ƙofar kicin ba, a gyare. Da guguwa ta kwashe min rufi, kai ka hau, kana da saba'in, kana zagin ƙusa. Kuma ba ka taɓa shiga gidana ba ka ƙwanƙwasa ba. Wannan na riƙe maka.

Sai dai maganar mashigi. Ka cika mana kunne da ita shekara hamsin. Wai tun Ingila na mulkin Carolina, kafin ƙasar nan ta zama ƙasa, a gaɓarmu ta Edisto ake fito. Jirgi faffaɗa kamar daɓen ɗaki, ya ɗau keken doki, ya ɗau gangunan shinkafa. A takarda sunan Kanar Tarbell ne, amma gorar tuƙi a hannun bawansa Quash take, kakan kakanninku. Mun ji har mun haddace. Ni na fara kiranka Kyaftin, don tsiya, sunan ya bi ka.

To, bara wani kamfani ya sayi gaɓar, zai yi wa masu kuɗi gidaje da wurin ɗaure jiragensu. A nan cocinmu yake baftisma tun kafin a haife ni. Hukuma ta ce in akwai kayan tarihi a tono a nuna kafin ƙarshen ranar Juma'a sha biyu ga Afrilu, in babu, Litinin katafila ta shiga. Sai aka turo 'yan jami'a, da wata Dakta Hollis a gaba, yarinya mai kirki amma ta fi yarda da takarda. Tana da tsohuwar taswira da aka ja layi a miƙe daga wancan ƙetare zuwa wannan. Inda layin ya sauka, nan suka kafa igiya suka yi ta tono, suna tankaɗe ƙasa kamar masu neman tsaki. Mako biyar. Abin da suka samu: murfin kwalba da ƙashin kare.

Kullum kana kansu. Na ji ka da kunnena ranar da na kai musu jar shinkafa.

"Dakta, wanda ya ja layin nan ya taɓa riƙe gora? Ruwa ba ya bin rula! Ka taso da kaya daga can, sai ya kwashe ka ya sauke ka ƙasa, wajen itacen nan na baftisma."

Ta ce, "Baba Ozell, mun haƙa ramuka huɗu a gindin itacen. Ba komai."

Dikin Purvis, ma'ajin cocinmu, ya ce, "Kyaftin, je ka gida ka sha magani. Quash ɗin ma ka gan shi da idonka?"

Aka yi dariya. Har da ni. Lavinia, rubuta: har da ni.

Ranar Litinin ka zo ka tsaya daga bakin ƙofa, kana haki. Ka ce, "Earline, ranar da aka tsoma ki a ruwa, ƙafarki ta nutse a laka?" Na ce, "Kyaftin, shekara saba'in da wani abu, kuɓewata na ƙonewa, tafi ka ba ni wuri." Ka tafi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ba kuka nake ba, Lavinia, ci gaba.

Sai Juma'a da safe, ina goge rigar da zan sa a jana'izarka, abin ya faɗo min kamar an mare ni. Ba ta nutse ba! Ko'ina a gaɓar nan ka taka, laka ta haɗiye ka har cinya. Saniyar su Purvis ma a can ta mutu. Amma wurin baftisma, fasto ya tsaya da mutum a hannu, mata masu ƙiba su shiga su fito, ba wanda ya taɓa nutsewa. Mu muna cewa albarka ce. Ba wanda ya taɓa tambayar me ke ƙasa.

Na jefar da dutsen guga. Na ce Lavinia ta tada mota. Muka tarar suna naɗe igiya, suna loda kaya. Ruwa ya janye. Na cire takalmi, na tattare siket, na shiga da sandata.

Dakta ta yi ihu, "Mama Earline, za ki faɗi!"

Na ce, "Ke dai zo ki ji."

Na soka sanda hagu, ta lume har hannu. Na zare, na soka a gabana. Ƙwal! Na ƙara. Ƙwal! Ozell, da ka ga fuskarta! Ta faɗo ruwan da takalminta da wayarta a aljihu. Ashe ramukanta a kan tudu ta yi su, kogi kuwa ya ci gaɓar tun tuni, abin yana cikin ruwa. Suka kawo buhunan yashi suka tare, suka yi ta kwashe laka da hannu. Kafin azahar ga mashigin ya bayyana: gumaguman itace a jere, ɗaya na bin ɗaya kamar haƙarƙari, sun gangara cikin kogi, baƙi ƙirin, ko ruɓa ba su yi ba. Ga sawun gatari a jiki. Ga zoben ƙarfe, kaina zai shiga. Ga guntayen lofen shan taba na farar ƙasa, da wuri guda ɗaya mai huji, irin na kuɗin da. Wani ƙaton ɗalibi mai gemu ya zauna a laka yana kuka. Ni kuwa na yi guɗa, na yi rawa, da shekara tamanin da biyar da ciwon gwiwa. Purvis ya tsaya baki buɗe, ƙuda na shiga.

Ƙarfe uku Dakta ta kai wa hukuma takarda. Litinin ta zo ta wuce, ba katafila. An ce ba mai taɓa wurin.

Ashe duk wanda aka yi wa baftisma a cocinmu, a kan aikin hannun Quash ya tsaya. Kai kaɗai ka gane, ka zo ka faɗa min, na kore ka saboda kuɓewa.

Allah ya jiƙanka, Ozell. Ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. 'Yarka Odessa da jikoki, da 'yan cocinmu na Dutsen Zaitun, Allah ya ba mu haƙuri. Odessa, ki ci abinci, na ga kin rame.

Saura a ji wa ke bin wa. Dakta Hollis, allon da za ku kafa, Quash na bin ki sunansa, a sama da na Kanar, da manyan baƙaƙe, na Ozell a ƙasa. Zan sa Lavinia ta karanta min, kar a yi min wayo. Purvis, Odessa na bin ka haƙuri, a tsaye, gaban coci, ranar Lahadi. Takalmin ruwan nan a ba ɗalibin mai gemu, nasa ya yage a aikinmu.

Ni kuma kai kake bina bashin amsa, tun Litinin. Ga ta. Ba ta nutse ba, Kyaftin. Ko kaɗan.