Katin Da Ya Hana Ni Ganin Mahaifiyata

Edita, ina yi miki sallama tare da masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce mai shekara ashirin da 'yan kai, 'yar wani ƙauye a kudancin Kano, kuma ban da zanen lalle ba abin da na iya a duniya. Amma fa na iya shi, ba cika baki ba. Hannun nan nawa ne ya kai ni Dubai. Wata mata 'yar birni da ke da shagon kwalliya a unguwar Al Muraqqabat ta ga lallen da na yi wa wata amarya, ta sa aka nemo ni, ta yi min biza, ta biya kuɗin jirgi. Anti nake ce mata. A gidanta nake kwana, tare muke cin abinci, fasfona ma a wurinta yake, wai don kada ya ɓata. Ranar da zan taho mahaifiyata ta kira ta a waya ta damƙa mata amanata, ta kuma ja min kunne cewa daga yau ba ni da uwa a can sai ita. Na ɗauki maganar nan da gaske, na saki jiki da matar nan fiye da yadda na taɓa sakin jiki da kowa.

Akwai wani abu a gidanmu da ba a maganarsa. Kakata ta wajen uwa 'yar bori ce. Ina ƙarama na sha ganinta tana zuba nono a gindin tsamiyar bayan gida, tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa da waɗanda take kira mutanen ɓoye. Mahaifiyata kuwa ta tsani abin nan iya tsana. Islamiyya ta shiga da girmanta, kuma da kakata ta rasu ita ta kwashe tarkacenta ta cinna musu wuta. Ni kuma ga ni da shegen son sani. Tun ina yarinya nake mafarkin ruwa, kuma duk sanda na wuce tsamiyar nan sai tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Anti, wata rana muna kwaɓa lalle babu kowa a shago. Ta saurare ni tsaf har na gama, ta ce ai tun ranar da ta fara ganina ta san ba ni kaɗai nake yawo ba. Na yi dariya na ce mata garin da ko bishiya sai an ja mata tiyo, ina iskoki za su samu wurin zama? Ta ce su ba sa neman biza.

Bayan 'yan kwanaki ta fito da wani ƙunshi daga ƙasan akwatinta. Kati ne, ya fi karta girma, kowanne da hotonsa mai launi. Ta ce sunansa tarot, wata abokiyar aikinta ce 'yar wata ƙasa ta koya mata, kuma kada in kuskura in faɗa wa kowa, don hukumar garin ba ta wasa da masu duba. Ni da zane ne sana'ata, hotunan nan suka tafi da ni. Akwai tsoho riƙe da fitila, ta ce shi ne mai neman gaskiya shi kaɗai. Akwai hasumiya da tsawa ta faɗa wa, mutane suna zubowa ƙasa, wato rushewar abin da ka dogara da shi. Akwai ƙwarangwal a kan farin doki, wanda ta ce ba lallai mutuwa ba ce, wani lokacin ƙarshen wani abu ne kawai. Wanda ya fi burge ni shi ne na wata mace durƙushe a bakin ruwa tana tuttular da tulu biyu, taurari a samanta. Anti ta ce Turawa tauraro suke ce masa don ba su san komai ba, amma wannan 'yar ruwa ce, irin ta kakata. Haka ta bi katin ɗaya bayan ɗaya tana raba wa kowanne iskarsa, wannan na daji, wannan na dutse, wannan na gindin kuka. Cikin 'yan watanni na haddace su kamar fuskokin 'yan gidanmu.

Kada wani ya ce jahilci ne. Na yi makarantar allo, na yi Islamiyya, na san abin da aka ce game da sallar wanda ya je wurin mai duba. Sai dai na riƙa lallashin kaina cewa ni koyon hoto nake yi, ba duba ba. Kuma kaɗaici ma ba ƙaramin abu ba ne. Garin nan ga haske ga mutane, amma za ki yi wata ba wanda ya tambaye ki 'yar gidan wa ce ke. Katin nan ya sa na ji kamar kakata ta biyo ni. Ranar hutu nakan bi ta unguwar Al Sabkha in gangara bakin ruwa inda ƙananan kwale-kwale ke tsallakar da mutane, in zauna ina kallon ruwan, ina tunanin ko akwai mai kallona daga ciki. Da safe kafin mu buɗe shago Anti takan ja min kati ɗaya. In ta ce yau zan haɗu da mai baƙin rai, to dama a shagon mata wace rana ce ba a haɗuwa da mai baƙin rai? Amma ni a lokacin sai in riƙe baki ina mamaki.

Cikin azumi mahaifiyata ta kwanta. Duk sanda na kira gida sai a ce min da sauƙi. Yayana da sauƙi, matarsa da sauƙi, ita kanta mai jikin da muryarta da kyar take fita, da sauƙi. Kun dai san halinmu. Ba a faɗa wa ɗa na nesa gaskiyar ciwon iyayensa kai tsaye, kada hankalinsa ya tashi shi kaɗai a ƙasar mutane. Babban da ke kusa da shi ake nema a faɗa wa, shi kuma ya san dabarar da zai yi ya sa shi a hanya. Na san wannan al'ada sarai. Har yayana ya ce in turo masa lambar Anti yana so su gaisa, na tura, ban kawo komai a raina ba. Duk da haka jikina ya ba ni ba lafiya ba. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah na samu Anti na ce ta taimake ni da fasfona, in je in ga Inna ko na mako guda ne.

Ba ta ce a'a ba. Da ta ce a'a da na yi mata kuka, da na yi rigima, da wataƙila na tafi. Sai ta kama hannuna ta ce uwa ai ba abin wasa ba ce, amma mu duba hanya tukuna. Ta shimfiɗa ɗankwali, ta cakuɗa katin, ta ajiye uku. Na farko mai kwale-kwale ne yana tsallakar da wata mace lulluɓe da mayafi. Na biyu hasumiyar nan mai rushewa. Na uku 'yar ruwa. Na gane ba alheri ba ne tun kafin ta buɗe baki, don ni ma na iya karatunsu. Ta yi ajiyar zuciya, sannan ta ce mutanen kakata sun dawo kaina tunda na buɗe musu ƙofa, kuma har yau ba su huce da wadda ta ƙone musu kaya ba. Nisan da ke tsakaninmu ne kawai yake kare mahaifiyata. In na tsallaka ruwa na shiga ɗakinta da su a jikina, to ni da hannuna na kai mata ajali. Ta ce in bari Sallah ta wuce, in riƙa zuba madara a bakin ruwa ana lallashinsu, in sun sauka sai in tafi.

Na zauna. Na kira mahaifiyata na ce mata aiki ya yi yawa, amma ana sauka daga idi zan taho. Ta ce ba komai, Allah ya yi min albarka. Ni kuma ina kuka ina ganin sadaukarwa nake yi, ina hana kaina ganinta don in ceci ranta. Na je bakin ruwa da robar madara kamar mahaukaciya, ina waige-waige kada a gan ni. A shago kuwa layi har waje, Larabawa da 'yan Sudan da matan 'yan kasuwarmu, kowa ni take so in zana mata. Dokar shagon ita ce waya a aljihun tebur take yini, don hannu mai lalle ba ya taɓa waya. Ranar jajibere ina sunkuye a kan ƙafar wata mata tun safe, ban ɗago ba sai bayan la'asar. Da na wanke hannu na buɗe aljihun tebur na tarar da kira ba adadi. Inna ta rasu da hantsi, an kai ta kafin azahar. Anti ta rungume ni tana kuka, tana cewa in gode wa Allah da ban je ba, da yanzu da hakkin rai zan rayu. Wallahi har godiya na yi mata.

Sai bayan Sallah ta ba ni fasfo. Na isa gida an gama zaman makoki. Yayana ya amsa gaisuwata bai kalle ni ba, haka muka yi kwanaki. Da na gaji na tare shi a zaure na ce ya faɗa min laifina. Ya ce shi bai taɓa zaton zan fifita lalle a kan Inna ba. Ya ce tun tsakiyar azumi likita ya ce su koma da ita gida a yi ta addu'a, kuma a ranar ya kira uwar ɗakina ya faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye, ya roƙe ta ta sa ni a jirgi, don Inna ba ta da magana sai tawa. Ya sake kira, ya kuma sake. A kira na ƙarshe Anti ta ce masa ta faɗa min, ta yi lallashin duniya, na ce sai na gama aikin Sallah. Na zauna a ƙasa. Na tuna ranar da ta shimfiɗa ɗankwalin nan tana ajiyar zuciya. Ashe a lokacin ta riga ta san komai.

Na koma Dubai don in kwashe kayana, kuma don in ji daga bakinta. Na yi zaton za ta musa, ko ta yi kuka. Ko gezau. Tana shirya kwalaben turare ta ce min zuwana ba zai ƙara wa kowa kwana ba, ajali ne, ita kuma ta riga ta karɓi alkawarin mutane, wa zai zana musu in na tafi? Na ce katin fa, da iskokin? Sai ta yi wata 'yar dariya da har yau nake jinta a kunnena. Ta ce takarda ce aka buga a inji, kuma wanda ya daɗe yana cakuɗa ta ya san yadda zai fito da abin da yake so. Ta ce labarin kaka da tsamiya ai ni na kawo mata shi da bakina, ita ba ta ƙirƙiri komai ba. Ta ce khalas, abin da ya wuce ya wuce, in wanke fuska akwai amarya tana jira. Ban zage ta ba. Na ɗauki jakata na fita. Matar da mahaifiyata ta damƙa wa amanata ke nan, wadda nake wanke wa kaya ina ganin lada nake samu.

Ban rubuto don in yi gardama a kan ko akwai mutanen ɓoye ko babu ba. Allah ya halicci abin da muke gani da wanda ba ma gani, wannan ba nawa ba ne. Abin da na sani shi ne ba aljani ne ya cuce ni ba, mutum ce mai sallah da azumi, wadda ta san inda zuciyata take da rauni don ni na nuna mata wurin. Na tuba ga Allah a kan nawa laifin, amma ita har yau ban iya yafe mata ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba. 'Yan'uwana mata da ke aiki a ƙasar waje, duk daɗin uwar ɗaki kada ku bari fasfonku ya kwana a hannunta, kuma kada ku kwance mata duk abin da ke cikinku. Wanda ya ce zai karanta muku gobe, da kati ne ko da ƙasa ko da carbi, ku tambayi kanku me zai samu in kun yarda. Ku kuma na gida, don Allah ku rage wannan kara. In uwa ta kwanta ciwon da ba tashi, ku faɗa wa ɗanta da bakinku, gara ya yi kuka a jirgi.

Matar yayana ta ce min har daren ƙarshe, in wani ya yi ƙorafin rashin zuwana, Inna ce take tare min. Tana cewa a ƙyale ni, yarinyar nan a ƙarƙashin wasu take, da tana da iko da kanta da tuni ta zo. Ta tafi tana ba ni uzuri, ba ta san cewa ni ce na zauna da kaina, saboda hoton kwale-kwale a jikin takarda ba.